Kimiyya da Fasaha: Ko doka ta yarda a ɗora manhajar Apple a kan kwamfutar wani kamfani?

A yau shirin zai ya da zango ne a ƙasar Faransa, tsakanin biranen Paris da Lyon, domin bin diddigin wata tambaya da masu gyaran kwamfuta suka jima suna tafka muhawara a kanta, tun daga titin Montgallet na birnin Paris, inda shagunan kayan kwamfuta suke jere, har ya zuwa titin Beirut a Kano. Tambayar kuwa ita ce: idan mutum ya sayi kwamfuta da kuɗinsa, ta kamfanin HP ko Dell alal misali, shin doka ta ba shi damar ɗora mata babbar manhajar kamfanin Apple, wadda aka tsara domin kwamfutocin Mac kaɗai? Sai a gyara zama.

Da farko dai, abin da muke nufi da babbar manhaja shi ne tsarin nan da ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya, kamar Windows na kamfanin Microsoft, ko macOS na Apple, ko kuma Linux da ake rabawa kyauta. In babu ita, kwamfuta ba ta da maraba da akwatin ƙarfe. Ke nan abu biyu ne a haɗe, na'ura da kuma umarnin da ke sarrafa ta, kuma saɓanin duka a kan wanda ke da ikon haɗa su ne.

Wannan rabuwa tsakanin na'ura da umarninta ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma a birnin Lyon ta samo tushe, wajen masu saƙar alharini. A shekara ta 1725 wani ma'aikacin masaƙa mai suna Basile Bouchon ya fara amfani da takarda mai huji-huji domin nuna wa masaƙa zaren da za ta ɗaga. Daga bisani Joseph Marie Jacquard, haifaffen Lyon, ya kyautata dabarar a wajejen shekara ta 1804, inda ya yi amfani da jerin katuna masu huji. Da an canja katunan sai adon zane ya canja, alhali masaƙar tana nan yadda take. A shekara ta 1805 Napoleon ya ziyarci Lyon, ya mallaka wa birnin haƙƙin wannan na'ura, aka kuma yanka wa Jacquard fansho na faran 3,000 a shekara tare da faran 50 a kan kowace masaƙa. Shekara ɗaya bayan haka, a cikin watan Maris na 1806, aka kafa wata majalisar sasanta masu sana'a a Lyon, wadda aka ɗora wa alhakin ajiye samfurin zane-zanen masu saƙa domin kada wani ya kwaikwayi na wani. Wato tun a wancan zamani na'urar ta zama ta kowa, amma adon da ake zuba mata yana da mai shi.

A game da kwamfuta kuwa, sai a ranar 3 ga watan Yuli na shekara ta 1985 majalisar dokokin Faransa ta shigar da manhaja cikin jerin abubuwan da dokar haƙƙin mallaka ke karewa, daidai da littafi ko fim. A waccan shekarar ce kuma wani haifaffen Paris ya shiga tsakiyar wannan labari. Sunansa Jean-Louis Gassée, wanda ya shugabanci reshen Apple na Faransa tun daga 1981, kafin a ɗauke shi zuwa hedikwatar kamfanin a jihar California domin kula da sashen ƙera sababbin kayayyaki. A watan Yunin 1985 Bill Gates ya aike da wasiƙa ga shugaban Apple na lokacin John Sculley da shi Gassée, yana ba su shawarar su bai wa wasu kamfanoni lasisin amfani da fasahar Mac, ta yadda za ta bazu a duniya. Gassée na daga cikin waɗanda suka sa ƙafa suka shure wannan shawara, bisa hujjar cewa ribar Apple a jikin na'ura take, kuma duk ranar da aka sami manhajar a kan kwamfuta mai araha, to kasuwar Mac ta mutu.

Shekaru 10 bayan haka, da kasuwa ta juya wa Apple baya, sai kamfanin ya gwada abin da ya ƙi a da. Daga 1995 ya bai wa kamfanoni irin su Power Computing da Motorola da Umax lasisin ƙera kwamfutoci masu aiki da manhajar Mac. A wancan ɗan lokaci abin halas ne ta kowace fuska. To sai dai maimakon su jawo sababbin masu saye, sai waɗannan kamfanoni suka riƙa janye wa Apple nasa, saboda kayansu sun fi araha. Steve Jobs na komowa kamfanin a 1997 ya rufe wannan ƙofa, ya kuma saye lasisin Power Computing a kan hannun jari na dala miliyan 100.

Shi kuwa Gassée, reshe ne ya juye da mujiya. Bayan ya bar Apple a 1990 ya kafa kamfaninsa mai suna Be, ya kuma fito da babbar manhajarsa, BeOS, wadda ke buƙatar na'urorin wasu kafin ta rayu. Ya so Apple ya saye ta, amma a ƙarshen 1996 Apple ya zaɓi kamfanin NeXT na Steve Jobs. Da ya koma wajen masu ƙera kwamfutocin da ke aiki da Windows, nan ma bai sami shiga ba. A 2002 kamfanin Be ya kai Microsoft ƙara a Amurka bisa zargin toshe masa hanya, aka kuma sasanta a 2003 a kan dala miliyan 23 da 'yan kai, ba tare da Microsoft ya amsa laifi ba.

Hausawa dai na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon Apple ya tsage ne a watan Yunin 2005, lokacin da kamfanin ya ba da sanarwar komawa ga amfani da ƙwaƙwalwar kamfanin Intel, irin wadda ke cikin sauran kwamfutoci. Daga 2006 kayan cikin Mac da na sauran kwamfutoci suka zama kusan iri ɗaya. Abin da ya rage kawai shi ne wani makulli da Apple ya sanya: wasu sassan manhajar a rufe suke, kuma mabuɗinsu na cikin wani ɗan guntun kayan aiki da Mac kaɗai ke da shi. Ba a jima ba masu ƙwazo suka gano yadda za a yaudari manhajar ta ɗauka cewa a cikin Mac take. Irin wannan kwamfuta ce aka laƙaba wa suna Hackintosh. Sai dai takardar sharuɗɗan da mutum ke amincewa da ita kafin ya ɗora manhajar ta fito fili ta ce ba a yarda a yi amfani da ita ba sai a kan kwamfutar Apple.

A watan Afrilun 2008 wani ƙaramin kamfani a birnin Miami mai suna Psystar ya fara sayar da irin waɗannan kwamfutoci a kan dala 399. Apple ya garzaya kotu a watan Yuli. Psystar ya kafa hujja da cewa ya sayi faya-fayan manhajar da kuɗinsa, don haka yana da ikon yin abin da ya ga dama da su. A watan Nuwamban 2009 alƙali William Alsup na birnin San Francisco ya yi watsi da wannan hujja, ya ce kamfanin ya kwafi manhajar, ya yi mata kwaskwarima, ya kuma karya makullinta. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2011, tana mai cewa lasisi aka bai wa mai saye, ba a mallaka masa manhajar ba. A 2012 kotun ƙolin Amurka ta ƙi sauraron maganar.

To amma dokar Amurka ba ta aiki a Faransa, don haka sai mu sake komawa birnin Paris. Bisa dokar Faransa, kwafar manhaja, ko da na ɗan lokaci ne a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, da kuma yi mata canji, duk haƙƙin mai ita ne. Amma wata ƙa'idar Tarayyar Turai ta 1991, wadda Faransa ta shigar cikin dokokinta a 1994, ta bai wa wanda ya mallaki manhaja ta halal wasu 'yanci: yana iya ajiye kwafi ɗaya saboda tsaro, yana iya nazarin yadda take aiki, yana ma iya kwance ta idan hakan ya zama dole domin wata manhajar da aka rubuta daban ta iya aiki tare da ita. A nan ne masu goyon bayan Hackintosh ke fakewa. Matsalar ita ce dokar ta yi maganar jituwa ne tsakanin manhaja da manhaja, ta kuma ce amfanin da za a yi ya dace da manufar da aka yi manhajar dominta.

A shekara ta 2006 an kai ruwa rana a majalisar dokoki a Paris a kan wannan kalma ta jituwa, lokacin da ake mahawara kan dokar da aka fi sani da DADVSI. Wasu 'yan majalisa sun so tilasta wa Apple ya bari a saurari kaɗe-kaɗen da aka saya daga iTunes a kan na'urorin da ba iPod ba, lamarin da Apple ya kwatanta da satar fasaha da yawun gwamnati. A ranar 27 ga watan Yulin shekarar majalisar kare tsarin mulki ta soke sassaucin da aka yi wa masu karya makulli da sunan jituwa, saboda a cewarta ba a fayyace ma'anar kalmar ba.

Daga ɗaya ɓangaren kuma, Faransawa sun tayar da tambayar ta bayan gida: in an hana ni ɗora manhaja a kan na'urar da nake so, me ya sa za a tilasta mini sayen manhajar da ba na so tare da na'ura? A 2006 ƙungiyar kare masu saye ta UFC-Que Choisir ta kai HP da Darty da Auchan ƙara a kan haka. Wani Bafaranshe kuma da ya sayi kwamfutar Sony a ƙarshen 2008 a kan Euro 549 ya nemi a mayar masa da Euro 450, kuɗin Windows da sauran manhajojin da aka ɗora mata. Maganar ta kai har kotun Tarayyar Turai, wadda a ranar 7 ga watan Satumban 2016 ta ce sayar da kwamfuta haɗe da manhaja ba laifi ba ne a karan kansa, muddin an sanar da mai saye tun farko. Wato dai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Saura tambaya guda: wanda ya karya sharaɗin lasisi, saɓa alkawari kawai ya yi ko kuwa satar fasaha? Kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta miƙa wannan tambaya ga kotun Tarayyar Turai a shari'ar kamfanin IT Development da Free Mobile. A watan Disamban 2019 kotun ta ce mai manhaja ya cancanci cikakkiyar kariyar dokar haƙƙin mallaka a irin wannan hali. A watan Oktoban 2022 kotun ƙolin Faransa ta bi wannan layi a shari'ar kamfanin Entr'ouvert da Orange. Hukuncin satar fasaha a Faransa kuwa na iya kaiwa ɗaurin shekaru 3 da tarar Euro 300,000. A taƙaice ke nan, na'urarka taka ce, kana iya goge abin da ke cikinta ka zuba Linux ba mai tuhumarka. Amma ɗora macOS a kan kwamfutar da ba ta Apple ba saɓa wa lasisi ne, kuma wanda ya mayar da hakan sana'a shi ya fi kowa shiga haɗari, kamar yadda ƙarshen Psystar ya nuna.

Daga ƙarshe ma injiniyoyi ne suka kashe maganar, tun kafin alƙalai su gama da ita. A watan Nuwamban 2020 Apple ya fito da ƙwaƙwalwarsa ta kansa mai suna M1, sannan a watan Yunin 2025 ya bayyana cewa macOS Tahoe ita ce ta ƙarshe da za ta yi aiki da ƙwaƙwalwar Intel. A cikin wannan watan ne kuma hukumar birnin Lyon ta ba da sanarwar fara sauya manhajojin Microsoft da ke ofisoshinta da waɗanda kowa ke da 'yancin amfani da su, ciki har da Linux. Dama dai tun a 2007 majalisar dokoki a Paris ta ɗora Ubuntu a kan kwamfutocin 'yan majalisa, rundunar jandarmomin ƙasar ita ma ta bi sahu daga 2008. Ga mai gyaran kwamfuta a Kano ko Maraɗi da ke neman farfaɗo da tsohuwar na'ura, wannan hanya a buɗe take, kuma ba ta da wani sharaɗi a kan tambarin da ke jikin kwamfutar.