Kan Jirgin Shay: Ya Kwashe Dajin Cass, Yau Shi Ke Riƙe Da Garin

A gundumar Pocahontas ta jihar West Virginia, can cikin duwatsun gabashin Amurka, akwai wani ɗan gari mai suna Cass wanda mazaunansa ba su kai mutum 100 ba. Amma daga wajen watan Mayu zuwa ƙarshen Oktoba baƙi ba sa yankewa, kuma abin da ke kawo su shi ne jirgin ƙasa mai aiki da tururi, wanda in ya kama hawan dutse ko mil 10 ba ya yi a awa ɗaya. Wanda ya jiyo ƙuginsa daga nesa zai rantse jirgi ne ya taho a guje. Sai ya ɓullo a ga yana tafe sannu a hankali, hayaƙi baƙi ƙirin na tashi, wasu sandunan ƙarfe uku na ta sama da ƙasa a gefensa na dama. Wannan shi ne kan jirgin da ake kira Shay.

Sunan na wanda ya ƙago shi ne, Ephraim Shay, wanda aka haifa a 1839 ya rasu a 1916. Ba injiniyan jirgi ba ne. Ya yi koyarwa, ya yi aikin soja a yaƙin basasar Amurka, daga baya ya kafa injin yanka katako kusa da garin Cadillac a jihar Michigan. A wancan zamani masu saran itace sai sun jira ƙanƙara ta sauka sannan dawakai su ja gumagumai a kanta, in kuwa hunturu ya zo da sauƙi sai itace ya kwana a daji. Shay ya shimfiɗa layin dogo na katako don ya huta da jiran ƙanƙara, sai ya tarar kan jirgin da aka saba da shi yana farfasa masa layin. Dole ta sa ya zauna ya nemi wata dabara a ƙarshen shekarun 1870. Wani kamfani a garin Lima na jihar Ohio ya fara ƙera injin a 1880, shi kuma ya samu takardar mallakar fasaharsa a 1881.

Kan jirgi na yau da kullum yana da manyan ƙafafu da fistan ke turawa kai tsaye ta sandunan da suka haɗa su. A shimfiɗaɗɗen layi babu kamarsa wajen gudu, amma yana dukan dogo, ba ya iya shan kwana mai tsanani, a kan tudu kuma ƙafafun sai su yi ta juyawa wuri ɗaya. A sigar Shay da aka fi sani, silindoji biyu ko uku ne a tsaye a gefen dama, an ɗan ture tukunyar tururi zuwa hagu don nauyi ya daidaita. Silindojin na juya wata doguwar sandar ƙarfe da ta bi gefen injin daga gaba har baya, mai gaɓoɓi da ke lanƙwasawa, su miƙe ko su tsuke idan an shiga kwana. A jikin sandar akwai ƙananan giyoyi masu haƙora da ke kama manyan giyoyin da ke jikin ƙafafu, kuma sai ƙaramar giya ta juya sau biyu ko fiye kafin ƙafa ta juya sau ɗaya. Direban da ya taɓa sa wa tirela mai kaya giya ta ɗaya a Hawan Kibo ya san wannan cinikin: an ba da gudu an karɓi ƙarfi. Abin da ya fi burge ni shi ne babu ƙafar da ke zaman banza. Har waɗanda ke ƙarƙashin tankin ruwa suna ja, don haka duk nauyin injin ya zama ƙarfin riƙe dogo. Kuma tunda komai a fili yake a gefe, makaniki a tsakiyar daji zai iya kai hannunsa ga abin da ya lalace.

An samu masu gogayya da shi. Kamfanin Climax na garin Corry a Pennsylvania ya yi nasa daga 1888 zuwa 1928, Heisler kuma na garin Erie ya ci gaba har 1941, dukansu biyu da sandar juyi a tsakiya ta ƙarƙashin injin. Amma Shay ne ya ci kasuwa: an ƙera kimanin 2,770 tsakanin 1880 da 1945. Har Taiwan ya kai, inda Japanawa suka buɗe layin dajin Alishan a 1912, wanda ke tashi daga garin Chiayi da ke kusan daidai da teku ya haura sama da mita 2,200 don sauko da manyan itatuwa.

Garin Cass kamfani ne ya gina shi a farkon ƙarni na 20, wato West Virginia Pulp and Paper Company, aka sa masa sunan Joseph K. Cass, ɗaya daga cikin shugabanninsa. Abin da kamfanin ke nema shi ne wani itace dangin fayin da ake kira jan sufurus, wanda ya rufe kan dutsen Cheat, kuma yana yin takarda mai kyau. Gidajen ma'aikata na kamfani ne, kantin da suke sayayya na kamfani ne. A 1901 aka fara haura dutsen da layin dogo, kuma hawan ya yi tsananin da a wurare biyu sai dai jirgi ya shiga wani guntun layi ya tsaya, a juya masa hanya, ya ci gaba da hawa da baya. Akwai inda layin ke tashi ƙafa 11 a duk tafiyar ƙafa 100, alhali manyan layuka na gudun abin da ya wuce ƙafa 2.

A nan ne bai kamata a yi wa tarihi kwaskwarima ba. Kafin zuwan waɗannan injina, tsayin dutse ne ke kare dajin da ke kansa, domin ko an sare itace babu hanyar sauko da shi. Shay da 'yan uwansa suka kawar da wannan kariya. Tsakanin wajen 1880 da 1920 an sare kusan dukkan asalin dajin West Virginia. Rassan da aka bari a ƙasa suka bushe, tartsatsin injina ya riƙa tayar da gobara, abin da ya sa ake yi musu faffaɗan bututun hayaƙi mai tare tartsatsi, irin wanda ake gani a Cass har yau. Da ƙasa ta tsiraice, ruwan sama ya rasa mai tare shi. Ambaliyar da ta auka wa birnin Pittsburgh a 1907 na cikin abin da ya sa majalisar Amurka ta yi dokar Weeks a 1911, wadda ta ba gwamnati ikon sayen filayen da ke mafarin koguna, kuma daga nan aka kafa gandun dajin Monongahela a 1920. Koren dajin da baƙo ke kallo daga tarago a yau sabon tsiro ne. Ina ganin duk mai hawa jirgin ya kamata a gaya masa haka a fili, kamar yadda ake gaya masa nauyin injin da shekarunsa.

A 1942 wani kamfani mai suna Mower ya karɓi aikin katako na Cass, a tsakiyar 1960 kuma ya rufe. Aka sayar da layin da injinan ga masu sayen tsofaffin ƙarafa, har an fara ɓamɓare dogo. Sai wani mai sha'awar jirage daga Pennsylvania, Russell Baum, tare da 'yan kasuwar yankin, suka matsa wa majalisar jihar lamba cewa abin da ake shirin narkarwa zai iya jawo baƙi. Jihar ta saya, a 1963 jirgin fasinja na farko ya yi tafiyar mil 4 zuwa tashar Whittaker, a 1968 kuma aka kai layin har Bald Knob, mil 11 daga gari, ɗaya daga cikin wurare mafi tsayi a jihar, sama da ƙafa 4,800. Zuwa da dawowa kan ci fiye da awa 4. Daga baya jihar ta mallaki garin kansa, fararen gidajen ma'aikata suka zama masaukin baƙi.

Injina biyu ne aka fi zuwa gani. Mai lamba 5 an ƙera shi a 1905 don wannan dutsen, kuma a kansa yake aiki har yanzu, jihar ma ta ayyana shi a matsayin kan jirginta na hukuma. Mai lamba 6 kuwa shi ne Shay na ƙarshe da ya fito daga Lima, a 1945, nauyinsa tan 162. Kamfanin Western Maryland ya saye shi don jan kwal a wani layi mai tsananin hawa, ya yi 'yan shekaru kaɗan aka rufe layin, sai aka girke shi a gidan tarihin jirage na Baltimore har zuwa farkon shekarun 1980 da aka kawo shi Cass aka sake hura masa wuta. Wannan shawara ta fi girkewa nesa ba kusa ba, domin injin da ke aiki yana riƙe da masu aikinsa: mai zuba kwal da ya san yadda ake shimfiɗa wuta a kan hawa, direban da ya san lokacin sakin yashi a kan dogo, da mai birki da ke tsaye a tarago yayin gangarowa.

Riƙon ba mai sauƙi ba ne. Kamfanonin da suka ƙera injinan sun daɗe da daina yin su, don haka abin da ya karye sau da yawa sai a auna shi a ƙera sabo. Gobara ta cinye gidan gyaran injina a 1972, ta kuma cinye tsohuwar masana'antar yanka katako ta garin a 1982. Tun 2015 wani kamfani mai zaman kansa, Durbin and Greenbrier Valley, ke tafiyar da jiragen a madadin jihar. A 2019 aka kammala gyaran Climax mai lamba 9, ƙirar 1919, bayan 'yan sa kai sun shafe shekaru suna aiki a kansa, kuma da shi ne Cass ta haɗa Shay da Heisler da Climax a layi ɗaya.