Yuraniyom ɗin Zariya, takardun bogi na Nijar, da maganar bulokcen

Yau ba gyaran waya za mu yi ba, tarihi ne.

A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai wata ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike, NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin, wadda ta fara aiki a 2004. Yuraniyom ɗin da ke cikinta a lokacin an tace shi har kusan kashi 90 cikin ɗari, irin wanda ake haɗa bam da shi. A 2018 aka sauya mata da mai ƙarancin ƙarfi, a Disamba kuma aka mayar da tsohon, wajen kilo ɗaya, ƙasar Sin. To wa ya tabbatar duka ya tafi? Masu sa ido na hukumar IAEA, da hatiminsu da takardu.

Takarda kuwa ta taɓa jawo bala'i. Kafin yaƙin Iraƙi an fito da wasu wasiƙu wai Nijar za ta sayar wa Saddam tan 500 na yuraniyom. Ɗaya mai kwanan watan shekarar 2000 ce, amma sunan ministan da ke kanta ya bar kujerar tun 1989! Ran 7 ga Maris 2003 shugaban IAEA, Muhammad ElBaradei, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa jabu ne. Ba a yi sati biyu ba aka fara ruwan bama-bamai.

Nan bulokcen ya shigo, wannan dai da kuka sani wajen kirifto. A shagona nan Kebbe littafi ɗaya gare ni na wayoyin da aka kawo. In na goge layi, wa zai sani? Shi bulokcen masu shiga tsarin na riƙe da kwafinsa, kuma kowane shafi na ɗauke da tambarin wanda ya gabace shi. Ka taɓa ɗaya, duk na bayansa su tona ka.

Sai dai ni ban ɗauke shi maganin komai ba. In ƙarya aka shigar tun farko, ƙaryar zai adana. Dole wani ya je ya auna da idonsa.

A 2020 hukumar kula da nukiliya ta Finland da cibiyar Stimson ta Amurka suka fito da manhajar gwaji, SLAFKA, don lissafin kayan nukiliya ta wannan hanya. Na Zariya an riga an kwashe shi tun kafin nan.