Baƙon da Ya Zama Ɗan Gida: Tarihin Muhawara Kan Asalin Kuloroplas

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin wata muhawara da masana halittu suka shafe kusan shekara ɗari suna yi. Kuloroplas shi ne ɗan ƙullin nan kore da ke cikin ƙwayar halittar gansakuka da ganyen itace, wanda ke sarrafa hasken rana ya zama abinci. To, daga ina ya fito?

A 1883 Andreas Schimper ya lura cewa kuloroplas yakan rabe gida biyu da kansa, tamkar bakteriya. A 1905 wani masani ɗan Rasha, Konstantin Mereschkowsky, ya fito fili ya ce asalinsa siyanobakteriya ce da wata ƙwayar halitta ta haɗiye, amma ba ta narkar ba, suka shiga zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Da yake ba shi da hujjar da ta wuce abin da ido ya gani a madubi, sai aka yi watsi da maganarsa.

Al'amari ya sake a 1962, sa'ad da Hans Ris da Walter Plaut suka nuna akwai DNA a kuloroplas ɗin gansakukar Chlamydomonas. A 1967 Lynn Margulis ta farfaɗo da ra'ayin, bayan mujallu da dama sun ƙi buga takardarta. A 1975 Linda Bonen da Ford Doolittle suka gwada RNA na kuloroplas ɗin wata jar gansakuka, suka tarar yana da dangantaka da na siyanobakteriya. Nan gardama ta fara lafawa.

Sai dai haɗiyar ba sau ɗaya ta auku ba. A 1978 Sarah Gibbs ta bayyana cewa kuloroplas ɗin Euglena, mai tantani uku maimakon biyu, ragowar koriyar gansakuka ce da aka haɗiye ɗungurungum.

Wani zai ce ina ruwanmu da wannan? A 1996 aka tabbatar cewa ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro tana ɗauke da ragowar kuloroplas, wanda ba ta iya rayuwa sai da shi. Magunguna irin su doxycycline wannan gurbi suke kai wa hari. Saboda haka ya kamata malamanmu su riƙa koyar da tarihin ra'ayi tare da sakamakonsa, domin ɗalibi ya ga yadda hujja take rinjayar gardama.