Yadda Boko Ya Makara Zuwa Zango

A unguwar Nima da ke Akra aka haife ni, amma kakana manomin gero ne daga arewacin Gana. Ya gangaro kudu yin ƙwadago a gonakin koko, daga baya ya yada zango a Akra. Har ya koma ga Allah, in an miƙo masa takardar gwamnati sai dai ya dangwala babban yatsa, alhali yakan rubuta wasiƙa da ajami tsaf.

Wannan gibi na karatun boko tsohon shiri ne. Turawan mulkin mallaka sun ɗauki arewa rumbun leburori, masu haƙar zinariya da ɗaukar buhunan koko, don haka ba su damu da ilimantar da 'ya'yan manomanta ba. A kudu an buɗe makarantar Mfantsipim a Cape Coast tun 1876, Achimota kuma a 1927, amma sai 1951 Tamale ta sami sakandaren gwamnati. A Akra kuwa, a wancan lokacin, yawancin makarantun na 'yan mishan ne, iyayenmu suna tsoron a raba yaro da sallarsa, suka riƙe allo da tawada.

Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ta ƙara dagula lamarin, iyalai da dama suka kwashe yaransu suka bar ƙasar. Sai a 1987, da aka kafa sashen ilimin Musulunci a hukumar ilimi, makarantunmu na Nima da Maamobi suka sami malaman boko da gwamnati ke biya. A irin wannan aji na koyi karatu, Ƙur'ani da safe, lissafi da hantsi.