Daga Turkudin Kura zuwa Tawadar Naira

Ƙofar Rini na cikin ƙofofi takwas na ganuwar Sakkwato, birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809. Ta irin waɗannan ƙofofi fatake ke shigo da hajar Kano a da, kuma turkudi da rawani ɗan Kura na cikin mafi tsadarta.

Sirrin wannan tsada yana hannun masu bugu. Bayan an tsoma zane a karofi sau da yawa har ya yi baƙi ƙirin, sai a ninke shi a kan gungume, a yayyafa ruwa, a shafa garin shuni, a yi ta dukansa da gudumar katako har ya ɗauki walƙiya. Ka dube shi gaba da gaba, baƙi ne mai shuɗi-shuɗi; ka karkata shi ga rana, sai ya yi ja-ja kamar jan ƙarfe. Shi ya sa gwanin saye ba ya yarda da zane sai ya fito da shi haske ya jujjuya. Buzaye sun daɗe suna zuba dukiya a kansa. Bature Heinrich Barth, wanda ya je Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafinta na kaiwa Tambutu da Tarabulus.

Bankunan duniya sun bi wannan hanya ta sauya launi daga baya, don maganin masu jabu. A 1987 Tailan ta fara buga kuɗi da tawada mai sauya launi. A cikinta akwai ɓarɓashin ƙarfe mai hawa-hawa, siriri ainun, wanda ke mayar da haske da launi daban gwargwadon inda ido yake. Injin kwafi kuwa launi ɗaya kawai yake iya ɗauka.

Amurka har ɓoye hoto ta yi da wannan tawada: a dala 100 ta 2013 akwai ƙararrawa cikin kwalbar tawada, ba ta bayyana sai an karkata takardar ta koma kore. Babban Bankin Najeriya ma ya sa irin wannan tambari a naira 100 ta 2014, wadda aka buga don cikar ƙasar shekara ɗari da haɗewa.

Abin takaici, ba kowa ne ya riƙe wannan ilimi kamar 'yan canji ba, mai tireda da mai sayar da albasa kuwa su ke kwana da asara. Duk wanda aka miƙa wa babbar takarda, ya ɗaga ta ga haske ya karkata kafin ya ba da canji.