Wanda ya ci jarrabawar tuƙi, zai iya jan mota shi kaɗai kafin permi ya fito?

Amsar ta danganta da ƙasar da mutum yake, shi ya sa muke jan hankalin ɗalibanmu da ke Turai.

A Faransa ana iyawa. Wanda ya ci jarrabawa yana sauke wata takardar shaida daga intanet, CEPC sunanta, ita ke zama madadin permi har wata 4, in ya haɗa ta da katin shaida ko fasfo. Amma fa cikin Faransa kawai take aiki. Wanda ya zo hutu Maradi da ita, takarda ce kurum ya riƙo. Kuma dole sabon direba ya manna harafin A a bayan motarsa.

Ƙasar Ailan kuwa, maƙwabciyar Ingila, ba ta yarda ba. Ko ka ci, ɗan koyo ne kai har sai cikakken permi ya fito, dole wani da ya shekara 2 da nasa ya zauna gefenka. Tun Disamban 2018, in aka kama ɗan koyo shi kaɗai, ƴan sanda na iya tafiya da motar, wanda ya ba shi aronta ma doka na hawa kansa.