Piyano da Gangunan Ga a Birnin Accra

Tsara kiɗan piyano a rubuce bisa salon gangunan Ga, wato al'ummar da birnin Accra ya ginu a ƙasarta, ya samo tushe ne daga majami'a, domin 'yan mishan na Basel, waɗanda suka sauka a Osu a 1828, sun koyar da waƙoƙin coci da rubutun kiɗa na Turai a makarantunsu, amma suka hana ganga shiga wurin ibada. Cikin masu tsara kiɗa, Ephraim Amu (1899–1995) ya ƙi amincewa da wannan wariya, J. H. Kwabena Nketia (1921–2019) ya bi sawunsa, sannan Akin Euba na Legas (1935–2020) ya fito da ra'ayin a riƙa buga piyano tamkar ganga, tunda 'yan gudumomi ne ke dukan tsirkiya a cikinsa.

Ga mai tsarawa, taskar Ga tana da yalwa. Akwai kpanlogo, kiɗan da samarin unguwar Bukom suka ƙirƙiro a shekarun 1960, akwai kuma gome, ganga mai kusurwa huɗu wadda makaɗi ke zama a kanta yana danna fatar da diddige don sauya amo, wadda ake danganta zuwanta da ma'aikatan da suka komo daga Fernando Po, tsibirin nan da ke kusa da gaɓar Kamaru. Dabarar ita ce hannu ɗaya ya riƙe bugun ƙarfen nan mai kama da kuge, wanda ke maimaituwa ba sauyi, ɗaya hannun kuma ya ɗauki rawar babban makaɗi, yana saɓa masa yana komawa, har mutum guda ya tsaya a madadin ƙungiya.

Sai dai piyano yana da iyaka, domin muryoyinsa a kafe suke, ba ya iya lanƙwasa amo kamar yadda diddige ke yi a gome ko hammata ke yi a kalangu, saboda haka ya fi dacewa da bugu fiye da maganar ganga. Salon ya leƙo arewacin Najeriya a 1987, lokacin da Euba ya tsara “Wakar Duru”, wadda ya gina wani sashenta a kan wata waƙar Gbagyi.